SHARHI: Ƙarewar Wa'adin Windows 10 Da Halin Da Kwamfutocin Ofisoshin Gwamnatin Tarayya Ke Ciki

Ranar Talata, 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya fitar da sabuntawa ta ƙarshe da zai bayar kyauta ga manhajar Windows 10, wadda ta fara aiki tun 29 ga Yuli, 2015. Washegari babu abin da ya sauya a zahiri. Kwamfutoci sun kama kamar yadda suka saba, an buga takardu, an tura saƙonni, an tashi aiki. Wannan shirun shi ya sa al'amarin ya wuce a ofisoshi da dama ba tare da an ɗauke shi da nauyin da ya cancanta ba.

Abin da ya ƙare a ranar shi ne alƙawarin gyara. Daga wannan rana, duk wata ɓaraka da aka gano a jikin Windows 10 za ta ci gaba da zama a buɗe a kan kowace kwamfutar da ba a yi mata rajistar ƙarin wa'adi ba. A rana ɗaya kuma kamfanin ya janye hannu daga Office 2016 da Office 2019, manhajojin da ake rubuta wasiƙu da tsara jadawalin kuɗi da su a ofisoshi bila adadin.

Lamarin ya zo wa Najeriya a wani lokaci na musamman. Shugabar Ma'aikatan Gwamnatin Tarayya, Didi Esther Walson-Jack, ta ɗibar wa ma'aikatu wa'adin 31 ga Disamba, 2025 su daina aiki da fayil ɗin takarda su koma na kwamfuta. Albashi ya daɗe yana bi ta tsarin IPPIS, kashe kuɗin gwamnati na bi ta GIFMIS, kuɗin shiga kuma na faɗawa Asusun Bai-ɗaya. Wato a daidai lokacin da gwamnati ke kwashe sirrinta daga kabad tana zubawa cikin kwamfuta, manhajar da ke riƙe da da yawa daga cikin kwamfutocin ta rasa mai kula da ita. Tambayar da ke gaban manyan sakatarori da daraktoci ita ce: kwamfuta nawa ke cikin wannan hali a ƙarƙashinsu, nawa ne kuɗin fitar da su, kuma wane ne zai amsa tambaya idan aka samu matsala?

Abin da sabuntawa ke nufi

Windows ita ce babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta. Kowace manhaja, daga ta rubutu zuwa ta shiga intanet, a kanta take zaune. An gina ta da miliyoyin layukan umarni waɗanda mutane suka rubuta, saboda haka ba a raba ta da kuskure. Wasu kurakuran ba su wuce su daskarar da kwamfuta ba. Wasu kuwa kafa ce da baƙo zai iya bi ya shiga daga nesa, ya kwashi abin da ke ciki ko ya karɓe ragamar na'urar baki ɗaya.

Tun daga shekarar 2003, Microsoft ya ware Talata ta biyu ta kowane wata domin fitar da facin da ke toshe irin waɗannan kafofi. A wata guda yakan toshe gommai, wani lokaci fiye da ɗari, kuma ba abin mamaki ba ne a samu wasu daga ciki waɗanda masu kutse sun riga sun fara amfani da su kafin facin ya fito.

Akwai wani ɓangare na wannan tsari da ba a cika lura da shi ba. Fitar da faci tamkar shelar inda ɓarakar take ne. Masu kutse kan ɗauki facin su warware shi, su kwatanta manhajar kafin gyara da bayan gyara, su gano ainihin wurin da aka ɗinke. Daga nan sai su shiga farautar kwamfutocin da ba su ɗora facin ba. Ga Windows 10 wannan ya fi muni, domin ita da Windows 11 sun yi tarayya a sassa masu yawa. Duk wata da aka toshe wata kafa a Windows 11, mai yiwuwa ne an nuna wa ɓarawo irinta a Windows 10, inda babu mai toshewa. Haɗarin yana taruwa ne a hankali, wata bayan wata, kuma kwamfutar ba za ta nuna wata alama ba.

Wasu na ganin manhajar kashe ƙwayoyin cutar kwamfuta ta wadatar. Gaskiya ne Microsoft ya ce zai ci gaba da sabunta bayanan manhajarsa ta Defender a kan Windows 10 har zuwa Oktoban 2028. Sai dai aikin wannan manhaja shi ne gane mugun baƙon da aka san kamanninsa. Ba ta gyara tsagar da ke jikin ginin. Hausawa sun riga sun faɗa: sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Darasin shekarar 2017

Misalin da ya fi kusa da aikin gwamnati shi ne abin da ya samu hukumar lafiya ta Birtaniya, wato NHS. Ranar 14 ga Maris, 2017, Microsoft ya fitar da facin wata babbar kafa a hanyar da kwamfutocin Windows ke musayar fayil a tsakaninsu. A watan Afrilu, wani gungun masu kutse ya watsa makamin da ke amfani da wannan kafa, wanda aka sace daga wata hukumar leƙen asirin Amurka. Ranar 12 ga Mayu, manhajar garkuwa da bayanai mai suna WannaCry ta ɓarke. Tana shiga kwamfuta sai ta kulle duk abin da ke ciki, ta nemi fansar dala 300, sannan ta tsallaka zuwa maƙwabciyarta ba tare da kowa ya taɓa komai ba. Cikin 'yan kwanaki ta kama kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe kusan 150.

A Ingila, kusan kashi ɗaya cikin uku na hukumomin asibitoci 236 ne abin ya shafa. An soke ganin likita da ayyukan tiyata kimanin 19,000, an karkatar da motocin ɗaukar marasa lafiya daga wasu asibitoci. Daga baya ma'aikatar lafiyar ƙasar ta ƙiyasta asarar a kan fam miliyan 92.

Abin lura shi ne sakamakon binciken ofishin binciken kuɗi na ƙasar. Ya gano cewa duk wuraren da cutar ta kama suna aiki ne da Windows wadda ko dai wa'adinta ya ƙare, ko kuma ba a ɗora mata faci ba. Mafi yawansu Windows 7 ce, wadda a lokacin tana cikin wa'adinta. Maganin yana nan kyauta kusan wata biyu kafin harin, kuma an aika wa asibitocin gargaɗi a Maris da Afrilu cewa su ɗora shi. Abin da ya yi ƙaranci shi ne wanda zai bi sawu ya tabbatar an yi aiki da gargaɗin. Duk wanda ya san yadda takardar umarni ke yawo daga ofishi zuwa ofishi har ta kwanta a cikin fayil zai gane wannan hoto.

Mako shida bayan haka, ranar 27 ga Yuni, wata manhajar mai suna NotPetya ta taso daga Yukren ta bi ta wannan kafar da wasu hanyoyin. Kamfanin jiragen ruwa na Maersk, wanda reshensa ke gudanar da tashar kwantena a Apapa, ya ce sai da ya sake ɗora manhaja a kan kwamfutoci 45,000 da manyan na'urorin ajiyar bayanai 4,000 cikin kwana goma, ya kuma yi asarar dala miliyan 250 zuwa 300.

Najeriya ma tana cikin sahun waɗanda ake hari. A watan Maris na 2023, Ministan Sadarwa na lokacin, Isa Ali Pantami, ya ce an ƙirga yunƙurin kutse kusan miliyan 13 a kwanakin zaɓen shugaban ƙasa. A Disamban 2024, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sanar da kanta cewa an yi wa shafinta na intanet kutse, ta kuma nemi jama'a su yi watsi da duk abin da aka wallafa a kai har sai ta shawo kan lamarin.

Dalilan da ke sa ake gudun sabuntawa

Ɗora laifin a kan sakacin ma'aikaci kaɗai ba adalci ba ne, domin akwai dalilai na zahiri.

Na farko tsadar data. Sabuntawar wata guda kan cinye ɗaruruwan megabait, babbar sabuntawa kuma gigabait da yawa. A ofishin da intanet ɗinsa ke zuwa yana ɗaukewa, ma'aikaci kan jona kwamfutar gwamnati da wayarsa domin ya kammala aikin da ake jira. Bayan ƙarin kashi 50 cikin 100 na kuɗin kira da data da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince da shi a Janairun 2025, mutumin da ke sayen data daga albashinsa yana da hujjar dakatar da duk abin da zai cinye ta.

Na biyu wutar lantarki. Kwamfutar tebur da wuta ta ɗauke mata a tsakiyar sabuntawa na iya ƙin tashi. Wanda ya taɓa rasa aikin yini ta haka ba zai yi gaggawar sake gwadawa ba.

Na uku manhajar da ba ta da lasisi. Kwamfutar da aka ɗora wa Windows ta bayan fage a shagon gyara sau da yawa akan kashe mata hanyar sabuntawa da gangan, domin kada asiri ya tonu. Mafi muni, ƙananan manhajojin da ake fasa lasisi da su sanannen abin hawa ne na masu kutse. Araha ba ta ado, kuma idan ɗan kwangila ya kawo wa ma'aikata kwamfutoci masu irin wannan manhaja, gwamnati ta biya kuɗin halal ta karɓi kayan da ke da ƙofa a bayansa.

Na huɗu tsoffin kayan aiki. Akan samu na'urar buga takardu, ko ta ɗaukar hoton yatsa, ko wata manhajar lissafi da aka rubuta wa ofis shekaru da suka wuce, wadda ba ta aiki sai da tsohuwar Windows. Jami'in da ke kula da ita ya san idan ya sabunta aiki zai tsaya, kuma shi za a tuhuma.

Na biyar kuwa tsoro ne mai tushe. Ranar 19 ga Yuli, 2024, wata gurɓatacciyar sabuntawa daga kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutocin Windows kimanin miliyan 8.5 a duniya, ta tsayar da jirage da bankuna da asibitoci. Ita ma NotPetya ta hanyar sabuntawar wata manhajar lissafin haraji ta fara yaɗuwa a Yukren. Saboda haka sabuntawa kanta na iya zama hanyar ɓarna. Darasin da manyan hukumomi suka ɗauka shi ne a riƙa yin ta daki-daki: a fara da kwamfutoci kaɗan, a saurara 'yan kwanaki, idan ba a ga matsala ba a yi wa sauran. Kwamfutar da gurɓatacciyar sabuntawa ta kayar akan tashe ta, bayanan cikinta na nan. Bayanan da ɓarawo ya kwashe kuwa ba sa dawowa.

Hanyoyin fita da kuɗin kowace

Hanya ta farko ita ce komawa Windows 11, wadda ta fito ranar 5 ga Oktoba, 2021. Kyauta ce ga kwamfutar da ke da lasisin Windows 10 na gaskiya, amma da sharuɗɗa: ƙwaƙwalwar aiki aƙalla gigabait 4, wurin ajiya gigabait 64, ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0, da injin sarrafawa na Intel daga zubi na takwas zuwa sama ko makamancinsa na AMD. A taƙaice, kwamfutar da aka ƙera kafin 2018 da wuya ta tsallake. Sai dai akwai kwamfutoci da yawa da ke da guntun tsaron amma an bar shi a kashe, kuma ma'aikacin fasaha zai iya kunna shi cikin 'yan mintuna. Ofishin da ya yanke hukuncin sayen sababbi ba tare da ya fara duba wannan ba zai iya zubar da kuɗi a banza. Akwai dabarun tilasta wa tsohuwar kwamfuta karɓar Windows 11, amma Microsoft ya bayyana cewa ba ya lamunce wa irin wannan kwamfuta samun sabuntawa, don haka ba hanya ce da ofishin gwamnati zai dogara da ita ba.

Hanya ta biyu ita ce sayen ƙarin wa'adi. Microsoft na sayar wa hukumomi da kamfanoni facin tsaro na tsawon shekara uku, zuwa Oktoban 2028. Farashin kowace kwamfuta dala 61 ne a shekarar farko, 122 a ta biyu, 244 a ta uku, jimilla dala 427. Wanda ya makara ya shiga a shekara ta biyu sai ya biya har da kuɗin ta farko. Idan aka ƙaddara dala a kan naira 1,500, shekarar farko ta kama naira 91,500, wato ta haura mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Shekaru ukun sun kama naira 640,500 a kan kwamfuta ɗaya. Ma'aikatar da ke da irin waɗannan kwamfutoci 500 za ta biya sama da naira miliyan 320, a ƙarshe kuma tana riƙe da tsoffin kwamfutocinta. An tsara farashin ne da gangan domin ya kori mutane. Ƙarin wa'adi yana da ma'ana na shekara ɗaya, a kan kwamfutocin da ke riƙe da aikin da ba za a iya matsar da shi nan take ba.

Ga kwamfutar mutum ta kansa sharaɗin ya fi sauƙi. Zai iya samun ƙarin wa'adi a kan dala 30, ko kuma kyauta idan ya shiga da asusun Microsoft ya amince a riƙa ajiye saitunan kwamfutarsa a rumbun kamfanin. Dole ne kwamfutar ta kasance tana kan zubin ƙarshe na Windows 10, wato 22H2.

Hanya ta uku ita ce sayen sababbin kwamfutoci, kuma a nan ne kuɗi da ƙa'idar aikin gwamnati suka haɗu. Tun bayan sakin naira a Yunin 2023, lokacin da dala ke kusan naira 460 a farashin hukuma, kuɗin duk wani kayan da ake shigowa da shi ya ninka. Sayayya sai ta bi Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007, manyan ayyukan fasaha kuma sai sun samu sahalewar Hukumar Bunƙasa Fasahar Sadarwa ta Ƙasa, wato NITDA. Ga kuma jinkirin sakin kuɗin manyan ayyuka, wanda ya kai Majalisar Tarayya ta tsawaita wannan ɓangare na kasafin 2024 har zuwa ƙarshen 2025. Ma'aikatar da ba ta sanya sauya kwamfutoci a kasafin da ke tafe ba, za ta iya wayar gari a 2027 tana nan inda take.

Akwai kuma tarko a kasuwa. Kamfanin nazarin kasuwa na Canalys ya ƙiyasta cewa kwamfutoci kimanin miliyan 240 a duniya za su iya zama shara saboda sharuɗɗan Windows 11. Kwamfutocin da ofisoshin Turai da Amurka ke fitarwa ba ɓacewa suke yi ba. Wani kaso nasu kan biyo jirgin ruwa ya sauka a kasuwar kwamfuta ta Ikeja da Alaba, daga nan ya iso Banex a Wuse da sauran kasuwannin ƙasar a matsayin tokumbo, da kyan gani da farashi mai daɗi. Jami'in saye da ma'aikacin da ke neman kwamfutar kansa duka suna buƙatar tambayar zubin injin kafin su tambayi farashi.

Hanya ta huɗu ita ce Linux, babbar manhaja ta kyauta wadda ke aiki lafiya a kan tsoffin kwamfutoci. Nau'inta na Ubuntu yana fitar da zubi mai dogon wa'adi duk shekara biyu, tare da facin tsaro na shekara biyar. Gwamnatoci sun gwada. Rundunar jandarmomin Faransa ta mayar da dubban kwamfutocinta kan Ubuntu shekaru da dama da suka wuce. A 2024 jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta sanar da shirin raba kwamfutocin ma'aikatanta kimanin 30,000 da manhajojin Microsoft. Birnin Munich kuwa ya koma Linux, sannan a 2017 majalisarsa ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows. Abin da waɗannan misalai ke nunawa shi ne kuɗin da aka rage a lasisi yakan koma horar da ma'aikata da daidaita takardu. Duk da haka, ga kwamfutar da aikinta bai wuce shiga shafin intanet na gwamnati da buga wasiƙa ba, wannan hanya ta cancanci a gwada ta a ƙaramin sashe.

Wanda doka za ta tambaya

Dokar Kare Bayanan Jama'a, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a Yunin 2023, ta wajabta wa duk mai riƙe da bayanan mutane ya ɗauki matakan tsaro da suka dace, kuma ta haɗa da hukumomin gwamnati. Idan aka samu ɓarakar da ka iya cutar da masu bayanan, sai an sanar da Hukumar Kare Bayanai ta Ƙasa cikin sa'o'i 72. Ga manyan masu riƙe da bayanai, tara na iya kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar shekara, duk wanda ya fi yawa. Ita ma Dokar Laifukan Intanet ta 2015, bayan gyaran da aka yi mata a 2024, ta rage wa'adin kai rahoton kutse ga cibiyar ngCERT da ke ƙarƙashin Ofishin Mai Bai Wa Shugaban Ƙasa Shawara Kan Tsaro daga kwana bakwai zuwa sa'o'i 72.

Zai yi wuya wata hukuma ta gamsar da mai bincike cewa ta ɗauki matakan da suka dace, alhali bayanan ma'aikata da lambobin asusunsu na banki suna kan manhajar da mai ita ya sanar da ranar janye hannunsa shekaru kafin ranar ta zo.

Komawa aiki ba takarda bai kawar da wannan matsala ba. Kamfanin gwamnati na Galaxy Backbone, wanda aka kafa a 2006, na iya tsare rumbun da ake ajiye fayilolin da kyau. Amma jami'i daga kwamfutar teburinsa yake shiga rumbun. Idan an dasa mata manhajar da ke naɗar duk abin da aka buga, kalmar sirrinsa ta tafi, kuma mai kutse zai shiga da sunansa da matsayinsa. Duk abin da aka amince da shi ko aka goge, sunan jami'in ne zai fito a rajista. A zamanin fayil ɗin takarda, ɓarawo sai ya tsallake maigadi ya fasa kabad, kuma abin da hannunsa zai ɗauka yana da iyaka. A sabon tsari kwamfuta ɗaya marar faci na iya buɗe masa fayilolin sashe guda.

Matakin farko da ke gaban kowace ma'aikata ba ya cin kuɗi mai yawa, shi ne ƙidaya: kwamfuta nawa ake da su, wace manhaja ke kan kowace, wacce za ta iya karɓar Windows 11, wacce ke taɓa albashi ko kwangila ko bayanan sirri. Da wannan jadawali ne za a san inda za a fara kashe ɗan kuɗin da ake da shi. Waɗanda dole su ci gaba da zama da tsohuwar manhaja saboda wata na'ura, sai a raba su da intanet da sauran kwamfutocin ofis. Kamata ya yi kuma takardun kwangilar sayen kwamfuta su riƙa ɗauke da sharaɗin lasisi na gaskiya da yawan shekarun da kayan za su ci gaba da samun faci.

Abin da ke hannun ma'aikaci da hadimi

Kafin kasafi ya iso, akwai abin da kowane ma'aikaci zai iya yi. Rubuta kalmar winver a wurin bincike na kwamfuta zai nuna nau'in Windows da zubinta. Manhajar PC Health Check ta Microsoft tana faɗin ko kwamfutar za ta karɓi Windows 11, da abin da ya hana idan ba za ta karɓa ba. Wanda ya ga tasa ta ofis tana kan Windows 10 ko ƙasa da haka, ya sanar da sashen fasaha a rubuce, ya ajiye kwafi. A aikin gwamnati, takardar da aka rubuta kafin matsala ita ke kare mai ita bayan matsala.

Yawancin faci ba ya fara aiki sai an kashe kwamfuta an sake kunna ta. Kwamfutar hannu da ake rufe murfinta kawai tsawon makonni tana iya sauke facin amma kafar na nan a buɗe. Windows tana ba da damar zaɓar sa'o'in aiki domin kada ta katse mutum a tsakiyar rubutu, tana kuma da tsarin da kwamfutocin ofis ɗaya za su riƙa karɓar sabuntawa daga juna, abin da ke rage cin data sosai. Kafin kowace babbar sabuntawa, a kwafe muhimman takardu zuwa wurin ajiyar da ofis ya amince da shi, a kuma tabbatar da caji ko wutar da ba za ta ɗauke ba.

Hadiman ministoci da na 'yan majalisa suna da nasu haɗarin na daban. Su ke riƙe da jadawalin tafiyar maigida, da daftarin jawabinsa, da takardun da ba a kai ga sanya wa hannu ba, sau da yawa a kan kwamfuta da wayar kansu waɗanda sashen fasaha bai taɓa gani ba. Mai neman sirrin babban jami'i ya san ta wajen hadimi hanya ta fi sauƙi. A 2019, WhatsApp ya bayyana cewa an yi amfani da wata kafa a manhajarsa an kai hari kan wayoyin mutane kimanin 1,400, cikinsu har da jami'an gwamnatoci da 'yan jarida, ta hanyar kiran da ba sai an amsa ba. Sabuntawa ce ta toshe kafar. Wayar da kamfaninta ya daina aika mata faci ba ta dace da ɗaukar takardun gwamnati ba, komai kyanta.

Ranakun da ke tafe

Komawa Windows 11 ma ba ƙarshen tafiyar ba ne. Kowane zubi nata yana da nasa wa'adin: wata 24 ga nau'in gida da na ƙananan ofisoshi, wata 36 ga na manyan hukumomi da makarantu. Daga Yunin 2026, takardun shaidar tsaro da kwamfutoci ke amfani da su wajen tantance manhaja a lokacin kunnawa, waɗanda aka bayar tun 2011, za su fara ƙarewa, kuma ta hanyar sabuntawa ne akasarin kwamfutoci za su samu sababbi. A Oktoban 2026 kuɗin ƙarin wa'adin hukumomi zai ninka.

An ga irin wannan rana a baya. Wa'adin Windows XP ya ƙare ranar 8 ga Afrilu, 2014, na Windows 7 kuma ranar 14 ga Janairu, 2020, kuma a kowane karo an sanar da ranar shekaru kafin ta zo. Matuƙar ana kallon kwamfuta kamar kujera ko kabad, kayan da ake saya sau ɗaya a yi amfani da su har su karye, ofisoshi za su ci gaba da makara. Motar ofis tana da kason mai da na gyara a kasafin kowace shekara. Kwamfutar da ke ɗauke da albashi da fayilolin ma'aikatan tarayya ita ma tana buƙatar nata kason, da sunan jami'in da za a tambaya ranar da aka ɗora mata faci na ƙarshe.